Yadda Kyanwa Marar Baki Ta Zama Jakadiyar Japan

Rundunar 'yan sandan birnin Tokyo tana da ɗan zanenta mai manyan kunnuwa, Pipo-kun, tun 1987. Gidan talabijin na ƙasa, NHK, yana da nasa, Domo-kun, tun 1998. Jihohi da garuruwa kuwa kusan kowa da nasa. Baƙo kan yi mamakin yadda ƙasar da ta yi suna wajen tsare gida da aiki tuƙuru ta cika titunanta da zane-zane masu kumatu da dara-daran idanu, waɗanda Japanawa ke kira kawaii. Abin bai faɗo daga sama ba.

Masu bin diddigin asalinsa sukan koma ga wasu naɗaɗɗun takardu na wurin ibadar Kozan-ji da ke Kyoto, na ƙarni na 12 da na 13, inda aka zana zomo da kwaɗo suna kokawa kamar mutane. Amma cinikin abin ya fara ne a 1914, sa'ad da mai zane Takehisa Yumeji ya buɗe shago a Tokyo yana sayar wa 'yan mata ambulan da takardun wasiƙa masu ado.

Sai yaƙin duniya na biyu ya zo ya bar ƙasar cikin toka da yunwa. Daga wannan ƙunci mai zane Osamu Tezuka ya fito da Astro Boy a 1952, yaron ƙarfe mai tausayi, wanda ya hau talabijin a 1963. Wani ɗan zanen, Doraemon, ya biyo baya a 1969. Wanda labarinsa ya fi taɓa ni shi ne mai zane Takashi Yanase. Ya yi aikin soja a China, ya ɗanɗani yunwa, ya kuma rasa ƙanensa a yaƙin. Ya ga waɗanda jiya ake kira masu gaskiya yau sun zama masu laifi, sai ya yanke cewa alherin da ba ya juyawa shi ne ciyar da mai jin yunwa. A 1973 ya fitar da littafin yara na Anpanman, jarumin da kansa burodi ne mai cike da wake mai zaƙi, wanda yake gutsuro fuskarsa ya ba mayunwaci. Manya sun ƙi littafin, suna cewa akwai rashin imani a ciki. Yara kuwa suka riƙe shi gam. Bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 2011, gidajen rediyo sun yi ta sanya waƙarsa don kwantar wa yara hankali.

Ɓangaren kuɗi kuma na Shintaro Tsuji ne, tsohon ma'aikacin gwamnati a jihar Yamanashi. Ya kafa kamfanin siliki a 1960, daga baya ya shiga sayar da silifas na roba, inda ya lura cewa ɗan zane kaɗan a kai yana sa kaya su tashi. A 1973 kamfanin ya koma Sanrio. Shekara guda bayan haka wata ma'aikaciyarsa, Yuko Shimizu, ta zana farar kyanwa da jan ƙyalle a kunne, aka fara buga ta a jikin ƙaramar jakar tsaba a 1975. Hello Kitty ke nan. Ba ta da baki, don haka mai murna ya gan ta tana murna, mai damuwa ya gan ta tana taya shi. Ba fim ne ya haife ta ba, ba kuma littafi ba. An ƙirƙire ta ne don ta sayar da kaya, a ƙasar da ba a raina ƙaramar kyauta.

A daidai wannan lokaci 'yan matan sakandare suka ɓullo da rubutu mai zagayayyun haruffa, har wasu makarantu suka hana shi. Waɗannan yara ne suka girma suka kama aiki, ba su kuma yar da abin da suka so suna ƙanana ba. Da wasan Pokémon ya fito a 1996, ya tarar da kasuwar yara da ta iyayensu a buɗe. Zuwa 1998 an zana Pikachu na Pokémon a jikin jiragen saman kamfanin ANA.

Gwamnatin ƙasa ce ta zo a ƙarshe. A 2008 ma'aikatar harkokin waje ta naɗa Doraemon jakadan fina-finan katun, aka kuma ba Hello Kitty jakadancin yawon buɗe ido a China da Hong Kong. Jihar Kumamoto ta fi kowa dabara. Ta ƙirƙiri Kumamon, baƙin beyar mai jan kumatu, a 2010, gabanin buɗe layin jirgin ƙasa mai matuƙar gudu a tsibirin Kyushu, sannan ta bar manoma da 'yan kasuwa su buga hotonsa a kayansu ba tare da biyan ko sisi ba, muddin sun nemi izini kuma suna tallata jihar. Babban bankin Japan ya ƙiyasta cewa cikin shekara biyu kacal ya jawo wa jihar sama da yen biliyan 120.