Majalisar Binciken Teku ta Ƙasa da Ƙasa

Majalisar Binciken Teku ta Ƙasa da Ƙasa, wadda aka fi sani da gajeren sunanta ICES, ƙungiya ce ta gwamnatoci da ke tara masana kimiyyar teku domin su yi bincike, su kuma ba hukumomi shawara kan kamun kifi, kiwon kifi da lafiyar muhallin teku. Hedikwatarta tana birnin Kopenhagen na ƙasar Denmak. Aikinta ya fi karkata ga arewacin Tekun Atlantika, Tekun Arewa da Tekun Baltik. Majalisar ba ta kafa doka, ba ta kuma raba wa ƙasashe kason kifi. Nata shi ne ta faɗi adadin da za a iya kamawa ba tare da an karya irin kifin ba, sannan gwamnatoci su yanke hukunci.

Tarihi

An kafa majalisar a ranar 22 ga Yuli, 1902. Ƙasashe takwas ne suka fara ta: Denmak, Finlan, Jamus, Holan, Norwe, Suwidin, Rasha da Birtaniya. A lokacin, jiragen kamun kifi masu aiki da tururi sun yawaita a Tekun Arewa, kuma an fara fargabar cewa kifin na iya ƙarewa. Tun da kifi bai san iyakar ƙasa ba, babu ƙasar da za ta iya gano gaskiyar lamarin ita kaɗai.

Daga cikin ayyukan farko da suka yi tasiri akwai na Johan Hjort, masani ɗan Norwe. A 1914 ya nuna cewa yawan kifi yana hawa da sauka ne gwargwadon yadda 'ya'yan kifin kowace shekara suka rayu. Ya gano haka ta hanyar ƙirga shekarun kifin herin daga layukan da ke jikin ɓawonsa, inda ya ga cewa waɗanda aka ƙyanƙyashe a 1904 su ne suka mamaye kamun masunta na tsawon shekaru. Har yau a kan wannan tunani ake gina lissafin kifi.

A 1964 aka rattaba hannu kan yarjejeniyar da ta ba majalisar matsayi a dokar ƙasa da ƙasa. A 2022 mambobinta ƙasashe 20 ne, ciki har da Amurka da Kanada. An dakatar da Rasha a 2022 bayan ta mamaye Yukiren.

Yadda ake samar da shawara

Shawara tana farawa ne da buƙata. Manyan masu nema su ne Hukumar Tarayyar Turai, gwamnatocin Norwe, Aislan da Birtaniya, da hukumomin yanki irin su NEAFC mai kula da kamun kifi a arewa maso gabashin Atlantika da NASCO mai kula da kifin salmon.

Ba a lissafa kifin teku gaba ɗaya a dunƙule. Ana raba shi rukuni-rukuni, wato kifi iri ɗaya da ke zaune yana hayayyafa a yanki ɗaya. Hausa ba ta da tsayayyar kalma ga wannan rukuni, don haka a wannan maƙala an kira shi garke. Kifin kod na gabashin Baltik garke ne daban da kod na Tekun Arewa, kuma kowanne da lissafinsa.

Bayanai suna zuwa ta hanya biyu. Akwai abin da masunta suka kama suka kuma bayyana. Akwai kuma binciken da jiragen gwamnati ke yi kowace shekara, suna jan raga iri ɗaya a wurare sanannu, domin a iya kwatanta bana da bara. Ana auna tsayin kifin da nauyinsa, a ciro wani ɗan ƙashi da ke cikin kunnensa a ƙirga zoben da ke jiki kamar yadda ake ƙirga shekarun itace. Rukunin masana daga cibiyoyin bincike na ƙasashe mambobi suna zuba waɗannan bayanai a tsarin lissafi na kwamfuta, su ƙiyasta abu biyu: nauyin manyan kifin da suka isa haihuwa, da kuma kason da kamu ke kashewa a shekara. Idan bayanan wani garke ba su da yawa, ana dogara da hawa ko saukar sakamakon binciken jirage, a kuma rage adadin don taka-tsantsan.

Bayan haka wasu masana daban suna duba aikin, wani rukuni ya rubuta daftari, sannan kwamitin shawara da ake kira ACOM, wanda kowace ƙasa ke da wakili a ciki, ya amince da shi. Ana wallafa shawarar a fili, yawanci cikin 'yan shafuka, kuma jimlarta ta farko ce ke faɗin iyakar tan nawa ya kamata a kama a shekara mai zuwa.

Daga shawara zuwa hukunci

A nan ne aikin masana ke ƙarewa, siyasa ta karɓa. A Tarayyar Turai, hukumar tarayyar ce ke gabatar da adadi, ministocin kamun kifi kuma su zauna su tsayar da shi, na Baltik a watan Oktoba, na Atlantika da Tekun Arewa a Disamba. Ministan da ke da garuruwan masunta a bayansa ba ya son komawa gida da labarin ragi, shi ya sa sau da yawa adadin da aka tsayar yake wuce wanda aka ba da shawara. Gyaran dokar kamun kifi ta tarayyar na 2013 ya ce a daina wuce gona da iri kafin 2020, amma ba a cika wannan ga dukan garkunan ba.

Tarihi ya nuna abin da jinkiri ke jawowa. Herin na Tekun Arewa ya ragu har aka rufe kamunsa a 1977, kuma sai bayan shekaru aka sake buɗewa. A 2019 majalisar ta ba da shawarar kada a kama kod na gabashin Baltik ko kaɗan, kuma a watan Yulin shekarar Hukumar Tarayyar Turai ta hana kamunsa cikin gaggawa.

Batun kifin makarel ya fi rikitarwa. Da garken ya fara yaɗuwa zuwa arewa, Aislan da Tsibiran Faro suka nemi kaso mai tsoka, aka kasa cimma rabon da kowa ya yarda da shi. Kowane ɓangare yana cewa ya amince da lissafin masana, amma in aka tara kason da kowa ya ɗibar wa kansa sai jimlar ta haura shawarar. Wannan shi ne kifin da ake shigowa da shi Najeriya a daskare, ake sayar da shi da sunan titus.

Kiwon kifi

Shawarar majalisar kan kiwon kifi ba ta kai ta kamu yawa ba, kuma ta fi mayar da hankali ga illar da gonakin kifi ke yi wa na teku: ƙwarin da ke yaɗuwa daga kejin salmon, da kifin gona da ke tserewa ya cakuɗu da na daji. Tun 1973 take da ƙa'idojin shigar da baƙin halittu cikin ruwan da ba nasu ba, waɗanda aka sha sabuntawa.

Kifin il na Turai, mai siffar maciji, ya nuna yadda kiwo da kamu suke a haɗe. Yana haihuwa ne a Tekun Sargaso, kuma gonakin da ke kiwonsa sun dogara da ƙananan da ake kamowa a bakin koguna. A 2021 majalisar ta ba da shawarar a daina kama shi a ko'ina, har da ƙananan da ake kai wa gonaki. Tarayyar Turai ta tsawaita lokacin hana kamunsa a ruwan teku, amma ba ta rufe shi gaba ɗaya ba.