Hanyar Jirgin Ƙasa ta Kwango da Rayukan da Ta Ci

Tsakanin 1921 da 1934 ne Faransawa suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa mai tsawon kimanin kilomita 500, daga Brazabil zuwa Pointe-Noire a bakin teku. Masu mulkin mallaka sun ɗauke ta abin alfahari. Mu kuwa hankalinmu yana kan waɗanda suka fasa duwatsun kurmin Mayombe da hannu. Da leburorin yankin suka kasa, sai aka shiga diban mutane bisa tilas daga Ubangi-Shari da kudancin Cadi, musamman 'yan ƙabilar Sara, mutanen sarari waɗanda ba su saba da damshin kurmi ba. Atuni da ciwon haƙarƙari da yunwa suka yi ta ɗibarsu. Ƙiyasin masana tarihi bai gaza mutum 15,000 da suka halaka ba.