Manhajar Ilimin Zaman Iyali da Ƙanjamau

Manhajar Ilimin Zaman Iyali da Ƙanjamau, wadda aka fi sani da FLHE, darasi ne na makarantun Najeriya da hukumar tsara manhaja ta NERDC ta fitar a 2003. Da farko da sunan ilimin jima'i aka kawo ta, sai iyaye da malaman addini suka yi ca, musamman a Arewa, suna cewa za ta buɗe wa yara ido. Masu goyon baya kuwa sun kafa hujja da yaɗuwar ƙanjamau. Aka canja sunan, aka bar kowace jiha ta tace darasin daidai da al'adarta. A Nuwamban 2022 ministan ilimi Adamu Adamu ya umarci a cire ilimin jima'i daga manhaja.