Daga Tikitin Abinci Zuwa Risho: Tarihin Tukunyar Ɗalibi

A wannan makon za mu leƙa ƙarƙashin gadon ɗalibi ne, inda risho da 'yar tukunya suke ɓoye.

Mu da muka yi karatu a 'yan shekarun nan mun ɗauka tun fil azal ɗalibi shi ke girka wa kansa. Ba haka ba ne. A shekarun 1970 ɗalibin jami'a a Najeriya tikiti yake miƙawa a ɗakin cin abinci, a zuba masa sau uku a rana, gwamnati ta biya kaso mafi tsoka. A 1978, zamanin mulkin Janar Obasanjo, aka ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin yini, daga naira 1 da kwabo 50 zuwa naira 2. A watan Afrilu ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, ƙarƙashin Segun Okeowo, ta fito zanga-zangar neman a tsige kwamishinan ilimi, Kanar Ahmadu Ali. An harbe ɗalibai a Legas da Zariya, aka kuma haramta ƙungiyar. A kan kwanon abinci fa.

A 1984 gwamnatin Janar Buhari ta janye tallafin, sannan tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida ya biyo baya a 1986. Daga nan 'yan kasuwa suka gaji ciyarwa, ɗalibi kuma ya koyi lissafin 0-1-0: ba karin kumallo, a ci na rana, a kwana da ruwa.

To me ya riƙe cikin ɗalibi? Da yawa za su ce Indomie, wadda aka fara sarrafawa a Ota ta jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990. Mu dai ba mu yarda ba. Taliyar tana da sauri, amma fulawa ce da mai da gishiri; idan ba a fasa mata ƙwai ba, bayan awa biyu yunwa ta dawo. Abin da ya yi aikin shi ne ƙullin da iyaye mata ke cusawa a jaka ranar komawa makaranta. Sun san ɗakin ba firji, wuta sai ta ga dama, kuma makarantu da dama sun hana girki da lantarki, don haka komai busasshe suke haɗowa. Garin ɗanwake, da kukarsa a ciki, ruwan zafi kawai yake jira. Busasshen zogale a tafasa, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa, an sami ganye da abin gina jiki a kwano guda. Wake kuwa mai shan kananzir ne, shi ya sa ake jiƙa shi tun dare ko a jefa masa 'yar kanwa, kafin ya haɗu da shinkafa a zama garau-garau. Wannan ilimin adana abincin rani ne na karkara ya shiga makaranta.

Abin mamaki, labaran soyayyar jami'a da muke rubutawa cike suke da motoci da shawarma, da wuya ka ji ƙaurin risho a cikinsu, alhali nan ake rance, nan ake faɗa, nan ake ƙulla aminci.

Da kananzir ya gagari talaka, ƙaramar tukunyar gas ta kori risho. Yanzu sai mutum huɗu su yi karo-karo su cika ta, wanda bai ba da kuɗi ba ya kawo manja da yaji.