Daga zango zuwa otel: tarihin masaukin baƙo

A watan Yuli na shekarar 2019, sa'ad da shugabannin Tarayyar Afirka suka hallara a Yamai domin ƙaddamar da yarjejeniyar kasuwanci maras shinge, birnin ya tarbe su da sababbin masaukai irin su Radisson Blu da Bravia da Noom. Ba wurin kwana kaɗai aka gina ba: fitilu da kujeru da launin bango an tsara su ne domin su zama abin kallo. Wannan salo na mayar da masauki wurin nishaɗin ido yana da asali sananne. A 1984 Ian Schrager ya buɗe otel ɗin Morgans a Niyu Yok, Andrée Putman ta Faransa ce ta ƙawata shi. A 2008 kuma Mama Shelter ya bayyana a wata unguwar talakawa ta Paris, da zanen Philippe Starck mai cike da raha, har da rubuce-rubuce a rufin ɗaki.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa ƙasar Hausa ta koyi saukar baƙo ko ƙawata masauki daga ƙetare. Yankin Tasawa da Mayahi, inda Gidan Amumune take, ya daɗe a kan hanyar ayarin da ke haɗa Abzin da Katsina da Kano. Ta Tasawa Bajamushe Heinrich Barth ya bi a watan Janairu na 1851, bayan ya sauka a Agadas a 1850. A wancan zamani, idan madugu ya iso gari da fatakensa, akan sauke su a zango, raƙuma da jakai su huta. Manyan ƴan kasuwa kuwa sukan wuce gidan fatoma ko maigida, wanda zai ba su ɗaki da abinci, ya adana kayansu, ya nemo masu saye, ya tsaya musu a kan bashi. Ladarsa tana fitowa daga cinikin da aka ƙulla, ba daga kuɗin kwana ba. Da wannan tsari fataucin goro ya kai Hausawa Salaga a ƙasar Gwanja, kuma daga gare shi unguwannin Zango na Kumasi da Akara suka samo sunansu.

Ado ma yana nan. Zaure shi ne fuskar gida, nan baƙo yake fara zama. A unguwar Birni ta Damagaram har yanzu ana ganin gidajen attajirai da magina suka yi wa zayyana a bango, da zankwaye a saman soro. Wannan ado shaida ne: yana gaya wa baƙo ko wane ne mai masaukinsa, da irin nauyin da zai iya ɗauka.

Mulkin mallaka ya raba kwana da amana. Faransawa sun kafa gidajen saukar jami'ansu a kan hanyoyin rangadi, talakawa ke kai musu ruwa da itace bisa tilas. Bayan ƴancin kai na 1960, kuɗin yuraniyom ya haifi otel Gaweye a bakin kogin Kwara a farkon shekarun 1980. Daga nan baƙo ya zama mai lambar ɗaki, mai masauki ya zama kamfani.

Amma tsohon tsarin bai mutu ba. Matashin Gidan Amumune da ya tafi cin rani Maraɗi ko Kano, gidan ɗan garinsu yake nema, ko shagon wani dattijo, ko rumfar masallaci. Baƙon da dare ya riska a ƙauye, ƙofar maigari ake nuna masa, domin Bahaushe ya ce baƙonka Annabinka.

Abin da ke cikin haɗari shi ne hannun magini. Siminti da kwano suna korar laka, almajiran magina suna raguwa, alhali manyan masaukai suna sayo adonsu daga nesa. Ga shi kuwa gwanintar tana nan: Falke Barmu ya sami lambar Aga Khan a 1986 saboda masallacin Yama, Mariam Isufu kuma ta yi aiki da maginan gargajiya a ginin Hikima na Dandaji da aka kammala a 2018. Ranar da masu gina otel a Yamai ko Maraɗi suka kira irin waɗannan hannuwa, baƙo zai sake karanta sunan mai masaukinsa a jikin bango.