Kumfar da Ta Ƙi Kwanciya

Kakanninmu da sabulun toka da mai suke wanki, ƙasa kuma ta shanye dauɗarsa. Garin sabulu irin su Omo kuwa daga sinadaran man fetur aka haɗa shi. A shekarun 1950 kumfarsa ta lulluɓe kogunan Jamus da Ingila da Amurka, domin ƙwayoyin halittar cikin ruwa sun kasa narkar da sinadarin. Jamus ta kafa doka a 1961, kamfanonin Amurka kuma suka sauya shi a 1965.

Gwajin farko da shuɗin rini ake yi. Yakan nuna akwai sinadari, amma ba ya faɗin wanne ne. Sai na'urar awon nauyin ƙwayoyin sinadarai ta warware wannan, musamman bayan aikin John Fenn, wanda ya sami kyautar Nobel a 2002.

Mu ma abin ya shafe mu. Kogin Jakara yana kwasar ruwan kwatamin birnin Kano, rafin Getsi ya ƙaro masa na masana'antun Bompai, su gangara dam ɗin Wasai a Minjibir, inda ake ban-ruwan lambu. Ruwan da bai yi kumfa ba ma yana iya ɗauke da sinadari, tafasawa kuma ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta cire shi.