Maganin cutar jan fuska da hasken leza: amfaninsa da illolinsa

Cutar jan fuska, wadda likitoci ke kira rozeshiya, lalura ce ta fata mai daɗewa, wadda takan lafa ta kuma sake tashi.

Akasari tana bayyana ne bayan mutum ya haura shekara 30. Kumatu da hanci da goshi da haɓa kan yi ja, ƙananan jijiyoyin jini su fito fili kamar zare, wani lokaci kuma ƙuraje masu mugunya su biyo baya. A wasu mutanen, musamman maza, fatar hanci kan yi kauri har ta sauya kamanninsa.

An fi ganinta a tsakanin masu hasken fata, musamman 'yan asalin arewacin Turai. Tana kama baƙar fata ma, sai dai da yake jan ba ya fitowa sosai, sau da yawa akan ɗauka ƙurajen fuska ne kawai.

Magungunan shafawa irin su metronidazole da ivermectin, da ƙwayoyin doxycycline, suna rage ƙurajen. Amma jijiyoyin da suka riga suka buɗe ba sa komawa da magani. A nan ne likitoci ke juyawa ga hasken leza.

Yadda yake aiki

A shekarar 1983 ne wasu masu bincike biyu na Jami'ar Harvard a Amurka, Rox Anderson da John Parrish, suka bayyana a mujallar Science cewa ana iya ƙona wani abu guda a cikin fata ba tare da lahanta abin da ke kewaye da shi ba, muddin aka zaɓi irin hasken da abin ke zuƙa, aka kuma harba shi cikin ɗan ƙanƙanin lokaci.

A cutar jan fuska, abin da ake hari shi ne sinadarin da ke sa jini ya zama ja. Yana zuƙar hasken, ya yi zafi, jijiyar ta toshe, daga baya jiki ya share ta da kansa.

Na'urar da aka fi amfani da ita ita ce mai fitar da haske ruwan ɗorawa, mai tsawon zango nanomita 585 ko 595. Akwai mai koren haske ta nanomita 532, da kuma Nd:YAG ta nanomita 1064, wadda haskenta ke ratsawa can cikin fata. Hancin da ya yi kauri kuwa, da wata leza dabam mai ƙarfi ake fere shi, kuma wannan ya fi kusa da tiyata.

Zama ɗaya ba ya wuce 'yan mintoci, kuma masu jinya kan kwatanta zafin da bugun roba a fata. Yawanci ana bukatar zama da dama, da tazarar makonni tsakaninsu.

Illolin da ke biyo baya

Ja da kumburi na 'yan kwanaki abu ne da kusan kowa ke fuskanta, musamman a ƙarƙashin ido. Idan an ƙara wa na'urar ƙarfi, jini kan kwanta a ƙarƙashin fata, wurin ya yi duhu na mako ɗaya zuwa biyu. Wasu likitocin da gangan suke yin hakan saboda jijiyoyi masu taurin kai, amma ba kowane ma'aikaci ne zai iya ɓoye fuskarsa na tsawon wannan lokaci ba.

Illolin da suka fi tsanani su ne ƙuna, da bororo, da tabo. Ba kasafai suke faruwa a hannun ƙwararre ba. Aikin kan kuma tayar da ƙurajen zazzaɓi na leɓe ga wanda ya saba yin su, don haka ya kamata ya sanar da likita tun farko. Hasken na iya lalata ido, shi ya sa dole mai jinya da mai aikin su rufe idanunsu da tabarau na musamman.

Batun launin fata

Nan ne babban abin lura yake. Sinadarin melanin, wanda ke ba fata duhunta, yana zuƙar irin hasken da ake son jini ya zuƙa. Gwargwadon duhun fatar mutum, gwargwadon zafin da zai tsaya a samanta kafin ya kai ga jijiyar.

Sakamakon haka shi ne baƙin tabo da kan ɗauki watanni kafin ya dushe, ko kuma farin tabo, wanda wani lokaci ba ya komawa. Wanda ya je neman rage ja, sai ya dawo da dabbare-dabbaren da suka fi jan fitowa fili.

Saboda haka ne likitocin fata suka fi karkata ga Nd:YAG ga masu duhun fata, tare da sanyaya wurin, da gwada hasken a ɗan ƙaramin wuri a jira a ga yadda fatar za ta yi. Asibitin da ya tsallake wannan gwaji ga baƙar fata, akwai dalilin yin shakka a kansa.

Akwai kuma wani ruɗani da ya shafi Afirka ta Yamma. Mayukan bilicin da ke ɗauke da sinadarin sitiroyid kan jawo ja da ƙuraje da fitowar jijiyoyi masu kama da wannan cuta. Matakin farko a nan shi ne daina shafa man a ƙarƙashin kulawar likita.

Bayan aikin

Leza ba ta warkar da cutar. Jijiyoyin da aka toshe sun tafi, amma sababbi kan fito bayan watanni ko shekaru, don haka wasu kan koma lokaci-lokaci. A Burtaniya, hukumar lafiya ta NHS ba ta cika ɗaukar nauyin aikin ba, mutane da yawa da kuɗinsu suke biya.

Abubuwan da ke tayar da cutar kuma suna nan yadda suke: zafin rana, da shayi mai zafi, da yaji, da barasa, da ɓacin rai. Likitoci kan bukaci a guji rana na makonni kafin aikin da bayansa, a kuma riƙa shafa man kariya daga rana kullum.